Tsakanin "Loot" Da Ganima: Yadda Wata Kalma Ta Iske Mu A Birnin Dabo

Akwai wata 'yar gajeriyar kalma ta Ingilishi mai haruffa huɗu wadda duk mai bin jaridun Nijeriya ya saba cin karo da ita, wato "loot", ana furta ta kamar a ce lut, a ja wasalin. In an fasa shaguna lokacin tarzoma, ita za ka gani a kanun labari. In an gurfanar da wani tsohon gwamna kan zargin cinye baitulmali, ita ce dai. In ana maganar kayan tarihin Bini da ke jibge a gidajen tarihin Turai, nan ma ita ce. Masu fassara labarai a gidajen rediyonmu kuwa, sau da yawa ba sa wata-wata sai su ce "kwasar ganima". Ni kam wannan fassara ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin a ganina kalmomin nan biyu ba 'yan gida ɗaya ba ne, kuma gwama su da aka yi ya yi mana ɓarna a birnin Kano fiye da yadda muke zato. Shi ya sa nake son mai karatu ya biyo ni mu bi sawun kowaccensu.

Abin mamaki na farko shi ne kalmar ba ta Turawa ba ce. Aro suka yi, ko kuwa in ce ita ma wawuro ta suka yi. Asalinta daga harshen Hindi ne na ƙasar Indiya, inda "lut" ke nufin kayan da aka washe, kuma masana harshe suna danganta ta da tsohon harshen nan na Sanskirit. Ta fara bayyana a rubuce cikin Ingilishi a 1788, a wani littafin kalmomin Indiya da aka buga don amfanin Turawa. A lokacin kuwa kamfanin cinikin nan na Ingila, East India Company, ya riga ya rikiɗe daga ɗan kasuwa ya koma mai mulki. Tun a 1757 Robert Clive ya ci yaƙin Plassey, aka buɗe masa taskar masarautar Bengal, aka yi ta lodin dukiya a jiragen ruwa ana gangarawa da ita Kalkata. Abin da ya shiga aljihun Clive shi kaɗai ya haura fam 200,000 na wancan zamanin. Da majalisar Ingila ta titsiye shi daga baya, sai gogan naka ya nuna ai shi mamakin kansa ma yake yi da bai ɗebi fiye da haka ba. Marubucin tarihin nan William Dalrymple da labarin wannan kalma ya buɗe littafinsa The Anarchy na 2019. Kafin ita, Ingilishi na da "plunder", wadda sojojin haya suka ɗauko daga Jamusanci a zamanin yaƙin shekara talatin na 1618 zuwa 1648, da kuma "pillage" da suka samo daga Faransanci. Kai ka ce Bature bai taɓa sanin abin ba sai da ya fita waje!

To amma ga inda wayon yake. Sojan Ingila ya raba ɗibar kayan mutane gida biyu. Idan ƙaramin soja ya faɗa gida ya cusa sarƙar zinariya a aljihunsa, wannan shi ne "loot", kuma yana iya jawo masa bulala ko ma rataya. Idan kuwa rundunar ce ta tattara kayan wuri guda, ta naɗa kwamiti, ta yi gwanjonsu, ta raba kuɗin gwargwadon muƙami, sai sunan ya koma "prize", wato kamar a ce lada. A 1799, da suka ci birnin Seringapatam suka kashe Tipu Sultan, Arthur Wellesley ya rataye wasu sojoji ya bulale wasu don a daina fasa gidaje, daga nan kuma kwamiti ya zauna ya raba dukiyar da ta haura fam miliyan 1. Damisar katako ta Tipu har yau tana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. A 1860 sojojin Ingila da na Faransa suka washe fadar shaƙatawa ta sarakunan Sin a gefen Bejin, daga baya Ingilishi suka cinna mata wuta. Cikin abin da aka kwaso har da wata 'yar karya da aka kai wa Sarauniya Biktoriya tsaraba, aka raɗa mata suna Looty. Ka ga ke nan a wancan lokacin ko kunyar kalmar ba sa ji. A 1868 a Magdala ta ƙasar Habasha, giwaye 15 da alfadarai kusan 200 ne suka ɗauko kayan Sarki Tewodros zuwa inda aka yi gwanjo, kuma wakilin gidan tarihin Biritaniya na wurin yana tayi. Sai Kumasi a 1874, sai Bini a 1897. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, don haka kada mu manta cewa a yaƙin Kumasi da na Bini akwai sojojin Hausawa a cikin rundunar Turawan.

Bari mu waiwayo gida. Ganima kalma ce ta Larabci da ta shigo mana tare da littattafan fiƙihu, kuma ba ta zo tsirara ba, da dokokinta ta zo. Dukiya ce da aka samu daga abokan gaba a yaƙin da shari'a ta halatta, a ƙarƙashin shugaba. Ba a taɓa ta sai an tara. A fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, kamar yadda ya zo a Suratul Anfal, sannan a raba sauran ga waɗanda suka halarci yaƙin, mai doki da rabonsa, na ƙasa da nasa. Wanda ya ɓoye ko da allura kafin rabo ya yi gululu, kuma malamai sun lissafa shi cikin manyan zunubai. Dukiyar Musulmi ba ta zama ganima, haka ta wanda ake zaman amana da shi. Ga abin da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba kuwa, Bahaushe bai rasa suna ba. Akwai wasoso ko wawaso, inda jama'a ke rufar wa kaya kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Akwai fashi, akwai ƙwace, akwai hari. Ga na masu biro kuma muna da handama da babakere da sama-da-faɗi da rub-da-ciki. Harshen da ke da wannan arziki, me ya kai shi ɗauko kalmar masallaci ya yafa wa ɓarawo?

Birnin Kano ya san wasoso tun kafin a haifi kakan kakan Clive. Ita kanta ganuwa, wadda aka soma a zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa da Muhammadu Nazaki, ai don tsoronsa aka gina ta. Duk da haka kundin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908 kuma muke karanta Hausarsa a Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya kawo yadda Kwararrafa suka cinye ƙasar a zamanin Muhammadu Zaki, da yadda suka sake dawowa a zamanin Sarki Dadi suka shigo ta Ƙofar Gadon Ƙaya suka yi ɓarna a cikin gari. Kundin bai ɓoye ta cikin gida ba. Ya ce Sarki Kumbari ya matsa wa kasuwar Kurmi da haraji har ta kusa mutuwa, Larabawa suka tattara suka koma Katsina. Irin waɗannan karɓe-karɓe, su kuɗin gari da jangali da gaisuwa, su ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jera a Kitabul Farƙi cikin laifuffukan sarakunan Hausa.

Wurin da na fi so mu tsaya mu yi nazari shi ne zamanin jihadin kansa, domin a nan ne za a ga yadda masu ilimin kalmar suka riƙe ta. A 1805, gab da yaƙin Alwasa, rundunar jama'ar Shehu ta afka wa garin Kwalde, alhali garin ba ya gaba da su, ta washe shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Muhammadu Bello suka yi ƙoƙarin hanawa, har abin ya so ya zama barazana ga rayukansu. Bayan nan aka sha mummunan kashi a Alwasa. Abin ya ci gaba da damun Malam Abdullahi, ya ga da yawa daga cikin waɗanda aka fito tare don addini sun koma neman dawaki da ƙwaraƙwarai da muƙamai, kamar yadda ya koka a Tazyinul Waraƙat. Sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki. A Kano ya yada zango, wajen 1806 zuwa 1807, jama'ar gari suka roƙe shi ya tsaya, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam don su san yadda ake mulki da shari'a, daga nan ya koma gida. Abin lura a nan, mutumin da ya jagoranci yaƙe-yaƙe da kansa, wanda ya fi kowa sanin halaccin ganima, shi ne ya kasa zama da waɗanda suka mayar da sunanta mayafi. Kuma a cikin wannan birni namu ya zauna ya rubuta maganin abin.

Ba a cika shekara 90 ba sai ga basasa. Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka fice zuwa Takai a bayan Yusufu. Da Yusufu ya rasu suka yi wa Aliyu Babba mubaya'a, suka ci birni a 1894, Tukur ya fita, aka kashe shi a Tafashiya a 1895. Musulmi ne da Musulmi, jikokin Dabo da jikokin Dabo. Amma lokacin da Tukurawa ke riƙe da gari an kashe waɗanda ake zargi da bin Yusufawa an ƙwace dukiyarsu, da reshe ya juye da mujiya kuma aka kame Tukurawa, aka raba gidajensu da gonakinsu da sarautunsu, har aka sayar da 'ya'ya a matsayin bayi. Babu littafin fiƙihun da zai kira wannan ganima. Adamu Fika ya yi cikakken littafi a kan wannan yaƙi a 1978, ya kamata a ce tuni an mayar da shi Hausa.

A kan wannan rauni Turawa suka zo. Shi Lugga, wanda ya aiko su, a Madras ta Indiya aka haife shi a 1858, kuma ya yi aikin soja a Afganistan da Sudan da Bama kafin ya shigo ƙasarmu. Wato kalmar "loot" ba baƙuwarsa ba ce, a gidanta ya tashi. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji baƙar fata sama da 700, akasarinsu Hausawa da Yarabawa, da igwa huɗu da bindigogi masu ruwan harsashi huɗu. Suka fasa Bebeji a hanya. Ranar 3 ga Fabrairu suka iso ganuwa, suka gwada Ƙofar Dukawuya ta gagara, suka karkata zuwa Ƙofar Kabuga suka ɓalle ta. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa, Sarkin Shanu da aka bar wa tsaron gari ya yi shahada yana kare fada. Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi a ƙarshen watan, Alu kuma aka kama shi aka kai shi Yola, daga bisani Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

A rahoton da ya aika Landan, Lugga ya yi alfahari cewa an hana sojoji taɓa kayan mutanen gari, kuma cikin 'yan kwanaki kasuwa ta ci gaba da ci kamar ba a yi komai ba. Mu ɗauka haka ɗin ne. Yana da dalilansa. A 1899 ƙasashen Turai sun sa hannu a yarjejeniyar Hague wadda ta haramta washe gari ko da da yaƙi aka ci shi, sannan a Ingila akwai masu sukar wannan yaƙi da ya ƙaddamar, ga shi kuma yana bukatar Kurmi da ranta don ita ce za ta biya haraji. Amma a watan Maris na shekarar, a Sakkwato, ya tara manya ya gaya musu ƙarara cewa Fulani da takobi suka sami mulki, yanzu kuma an ci su da yaƙi, don haka duk abin da ke hannunsu ya koma hannun Turawa, da ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da haraji, da ƙasa, da ma'adinan da ke cikinta. A 1910 aka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa baki ɗaya a ƙarƙashin ikon Gwamna. Sojan da ya ɗauki turmin zane a kasuwa ya yi "loot", wanda ya ɗauke kasuwar da garin da ƙasar kuwa ya kawo zaman lafiya ke nan. Ba wai kuma ba a ɗauki na hannu ba. Wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903 su ne Backwell ya fassara ya buga a Legas a 1927. Tutar Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi shahada a Burmi a Yulin 1903, sai a 1960 aka dawo da ita Sakkwato.

Daga nan kalmar ta zauna a bakin hukuma, ta zama sunan abin da talaka ke yi in gari ya rikice. Haka aka yi amfani da ita a rikicin Mayun 1953, lokacin da ziyarar da tawagar Akintola ta shirya kawowa Kano ta haddasa kwana huɗu ana ɗauki-ba-daɗi tsakanin Fagge da Sabon Gari, mutum 36 suka mutu a ƙidayar hukuma ta farko. Haka a 1966, haka a Oktoban 1991. Ko a Amurka, lokacin ambaliyar guguwar Katrina a 2005, an yi ta ce-ce-ku-ce kan hotuna biyu na kamfanonin dillancin labarai: baƙar fata ɗauke da abinci cikin ruwa aka rubuta ya yi "looting", farare biyu ɗauke da irin kayan aka rubuta samowa suka yi.

'Yan jaridar Nijeriya ne suka juya kalmar ta kalli sama, kuma a nan dole a yaba musu. Tun bayan rasuwar Janar Sani Abacha ranar 8 ga Yunin 1998 aka haɗa sunansa da ita, har suka zama kamar ɗan Juma da ɗan Jummai a kanun labarai. Na san wannan magana ba ta yi wa Kanawa da yawa daɗi, don ɗan gida ne, a nan aka haife shi a nan aka binne shi, kuma har yau akwai masu tuna ayyukan PTF da alheri. A 2008, a nan Kano, wajen addu'ar cikarsa shekara 10 da rasuwa, Janar Buhari ya ce Abacha bai saci komai ba. Sai ga shi a zamanin mulkin shi Buharin ne aka karɓo dala miliyan 322 daga Suwizalan bisa yarjejeniyar 2017, aka kuma karɓo dala miliyan 311 daga tsibirin Jersey a 2020. Abin da na lura da shi, a duk tsawon wannan muhawara ban ji wanda ya kira kuɗin nan ganima ba. Masu suka su ce an wawure, masu kariya su ce ajiya ce aka yi wa ƙasa. Wato in abin ya zo kan manya kowa ya san kalmar ba ta dace ba.

A kan titi ne ta lalace. A Yunin 2023, da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soma rusau, a tsohon otal ɗin Daula da shagunan da ke jikin Filin Idi na Ƙofar Mata da sauransu, matasa suka riƙa bin katafila a baya suna kwasar rodi da ƙofofi da kwanon rufi, wani wurin har da kayan 'yan kasuwar da ba su sami kwashewa ba. Sunan da aka riƙa kiran abin da shi a gari shi ne ganima. Ranar 1 ga Agustan 2024, ranar farko ta zanga-zangar tsadar rayuwa, aka fasa sabuwar cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta NCC ana saura kwanaki a buɗe ta, aka fito da kujeru da kwamfutoci a ka, aka shiga babbar kotun jiha aka yi awon gaba da takardun shari'a da kayan shaida, sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24. Ba na musun yunwa, kuma ba na musun cewa yaron da ya ga manya na rub-da-ciki da biliyoyi zai raina wa'azin da za a yi masa a kan kujera ɗaya. Amma yaron da ya ce "sata na yi" ya san akwai tuba a gabansa da mayar da kayan mutane. Wanda ya ce "ganima na samu" yana jin rabonsa ne Allah Ya tsaga, har ya shiga da ita gida a sa masa albarka. Duk sanda mai karanta labarai ya ce an kwashi ganima a kasuwa kaza, ya ba shi fatawa kyauta ba tare da ya sani ba. In ana son fassara "loot", ga wasoso nan, ga wawura, ga washewa. In na ofis ne a ce handama. Marubutanmu na littattafan hikaya ma su lura, don na sha ganin an rubuta 'yan fashi sun zauna rabon ganima.

Turai dai ta fara amayar da nata kaɗan-kaɗan. Jamus ta sa hannu a 2022 kan mayar wa Nijeriya mallakar kayan Bini sama da 1,000, Holan ta dawo da guda 119 a 2025, gidajen tarihin Landan kuwa a 2024 suka mayar da kayan zinariya 32 Kumasi, amma wai aro suka ba Asantawa kayan kakanninsu. Mu a Kano babban abin da aka washe mana ba ya Landan balle mu rubuta takardar neman a dawo da shi. Ganuwar nan da Lugga ya ce bai ga irinta ba a Afirka, wadda aka ayyana cikin kayan tarihin ƙasa a 1959 kuma ta shiga jerin jiran UNESCO a 2007, da hannunmu muka cinye ta. Masu gini suka yi ta haƙar ƙasarta, masu iko suka yanka ta fuloti-fuloti, aka cike kududdufan da ke gefenta aka dasa shaguna. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a madadinta. Da yake ba wanda ya ɗauki badala a ka ya ruga da gudu, takarda da hatimi aka bi, ba a cika ganin an kira wannan "loot" a kanun labari ba. A 2023 gwamnati ta ce da ɓaraguzan rusau za ta gyara ganuwar. Tsofaffin ƙyamaren Ƙofar Kabuga, inda Morland ya shigo, suna nan a ajiye a Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, ga duk mai son ya je ya gani.